Yadda Ake Faɗaɗa Dakalin Murhu a Shimfiɗa Masa Tayil Kafin a Cusa Murhun Ƙarfe Mai Cin Itace

Gidan da muka saya a jihar Minisota ginin shekarun 1950 ne, kuma a falonsa akwai murhun bulo irin na da, mai buɗaɗɗen baki da bututun hayaƙi da ya fita ta saman rufi. Ranar da na ɗage tsohuwar dardumar da ke gabansa, sai na ga tabon ƙuna guda uku a kan katakon daɓe, baƙi ƙirin, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa ba, ɗaya har ya yi ɗan rami. Garwashi ne ya yi tsalle ya wuce dakalin bulo, wato shimfiɗar da ke gaban bakin murhu don tare wuta, ya sauka a kan katako. Allah ne kawai ya kiyaye mutanen da suka zauna a gidan kafin mu.

Buɗaɗɗen murhu yana da kyaun gani, amma yawancin zafinsa bututu yake bi ya fice, ga shi a nan sanyin Janairu kan wuce digiri 20 ƙasa da sifili. Shi ya sa mutane ke sayen akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi su cusa shi cikin bakin tsohon murhun, a haɗa shi da sabon bututun ƙarfe da ke bi ta cikin na bulo. Zan riƙa kiransa murhun cusawa. Itace kaɗan yake ci, ya ɗumama gida sosai. Sai dai yawancinsu ba sa shigewa gaba ɗaya. Gabansu yakan turo waje da inci 6 zuwa 10, wani ma fiye. Wutar ta matso cikin ɗaki ke nan, dakalin da ya isa jiya yau ya yi kaɗan.

Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san tayil a kan daɓen siminti, inda ko kaskon garwashi ya kife, ɓarnar ba ta wuce tabo. A Amurka da Kanada abin da ke ƙarƙashin ƙafarka katako ne a kan katako. Don haka ka riƙe wannan tun daga farko: tayil ado ne da tarbar tartsatsi, amma ba ya tare zafi. Abin da ka shimfiɗa a ƙarƙashinsa shi ne garkuwar gidanka. Katakon da ya daɗe yana shan zafi kaɗan-kaɗan yana bushewa yana gasuwa a ɓoye, har ya kai ga kamawa da wuta a zafin da bai kai ya kunna sabon katako ba. Ana iya yin shekaru ba a ga komai ba.

Kafin ka taɓa guduma

Ka fara zaɓar murhun, ka samo littafin umarninsa, sannan ka auna. Kada ka juya wannan tsari. Kowane murhu an gwada shi a ɗakin gwaji, kuma littafinsa ne zai gaya maka abu biyu: tsawon da dakali zai kai, da irin kariyar da yake buƙata.

A Amurka mafi yawan littattafan suna neman inci 16 a gaban ƙofar zuba itace, da inci 8 a kowane gefe. A Kanada inci 18 ne a gaba. Kuskuren da aka fi yi shi ne aunawa daga bangon bulo. A'a, daga bakin ƙofar sabon murhun ake aunawa, a inda zai tsaya bayan an girka shi. Akwai kuma dokar gini ta IRC da jihohi da yawa ke bi, wadda ta shafi murhun bulon kansa: idan bakinsa bai kai murabba'in ƙafa 6 ba, dakali ya kai inci 16 a gaba da 8 a gefe, idan ya kai ko ya wuce, inci 20 a gaba da 12 a gefe. Wanda ya fi tsauri tsakanin doka da littafi, shi za ka bi. Mazauna Ingila kuma tasu ƙa'idar daban ce, tana cikin sashen J na dokokin gini: milimita 225 a gaban rufaffen murhu, 300 idan ana iya amfani da shi ƙofa a buɗe.

Ga yadda lissafin namu ya kasance. Tsohon dakali inci 16 ne daga bango. Murhun zai turo inci 8. Littafi yana son 16 daga ƙofa, wato 24 daga bango ke nan, saura inci 8. Ni inci 12 na ƙara, saboda ya zama layi guda na cikakken tayil, kuma saboda na ga inda waɗancan tabon suka sauka. Idan kana da fili a falo, ka ƙara fiye da abin da aka nema. Garwashi bai san inci 16 ba.

Sai ka je ofishin gine-gine na garinku ka nemi takardar izini, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka. Ka nuna wa jami'in duba gini zanen abin da za ka jera, tun kafin ka rufe shi da tayil, domin bayan an rufe ba wanda zai iya gani. Ka kuma kira ƙwararren mai share bututu ya duba shi ciki da bai. Ƙa'idar kare gobara ta Amurka mai suna NFPA 211 ta nemi a yi bincike mataki na biyu duk lokacin da za a sauya irin murhun da ke haɗe da bututu, kuma galibi da kyamara ake leƙa cikinsa.

Lissafin zafi

Wannan wurin ya cancanci ka zauna da biro da takarda. Wasu littattafan suna cewa kariyar tartsatsi kaɗai ake buƙata. Idan haka ne, allon siminti da tayil sun wadatar. Wasu kuma suna ba da adadi mai harafin R, wato ƙarfin abu wajen tare zafi. Yawan adadin, yawan kariyar. Kowane abu da ka shimfiɗa yana da nasa, sai ka tara su.

Tayil mai kaurin kwatan inci R ɗinsa kusan 0.02 ne, wato kamar babu. Bulo kusan 0.2 ne a kowane inci. Allon siminti mai kaurin rabin inci, irin Durock ko HardieBacker, yana tsakanin 0.2 da 0.4 gwargwadon kamfani, don haka ka duba takardar wanda ka saya. Akwai kuma allo mara nauyi da ake yi da zaren ma'adinai, Micore 300, wanda rabin incinsa ke ba da 1.03. Idan littafinka adadin k ya bayar maimakon R (k shi ne saurin da zafi ke ratsa abu), ka raba kaurin da aka faɗa, a inci, da k ɗin, abin da ya fito shi ne R.

A ce littafi ya nemi 1.2. Micore ɗaya 1.03, allon siminti mu ɗauka 0.26, tayil 0.02, jimla 1.31, ka tsallake. Da allon siminti zalla za ka yi, sai ka jera biyar, dakali ya tashi sama da inci biyu da rabi. Katakon ƙasa ba ya shiga lissafi, shi ake karewa. Kada kuma ka sa shimfiɗar roba da masu tayil ke sawa don hana tsagewa. Tana da kyau a banɗaki da kicin, amma roba ce, ba wurinta ba ne a gaban wuta.

Tudu: inda aikin ke ɓaci ko ya gyaru

Kafin ka yanka komai, ka san inda saman tayil zai tsaya. Rabin inci na Micore, rabin inci na allon siminti, tayil mai kaurin inci 3/8, da kwaɓin da ke tsakani, sun kai kusan inci 1 da rabi. Katakon daɓen da za ka cire inci 3/4 ne. Sabon ɓangaren zai ɗara daɓen falo da kusan inci 3/4 ke nan. Idan tsohon dakalin daidai yake da daɓe, dole ka ɗaga shi ma ya zo layi ɗaya, sannan cikin murhun bulon zai koma ƙasa da dakali. Murhun cusawa kuwa rabinsa a ciki yake zama, rabinsa a waje. Sai ka cike cikin da kwaɓin siminti mai jure zafi ko siraran bulon wuta, ko ka yi amfani da notocin daidaitawa da ke ƙasan murhun idan tazarar kaɗan ce. Duk abin da ka ɗaga ya rage tsayin baki, saboda haka ka sake aunawa ka tabbata akwatin zai shige, da ɗan sarari a sama inda mai girkawa zai sa hannu ya haɗa bututu.

Wanda ba ya son tudu ko kaɗan yana iya yanke faifan katakon ƙasa shi ma, wato wanda katakon daɓe ke kwance a kansa, ya ɗaura katakai a jikin azarorin da ke ɗauke da daɓe, ya kwantar da sabon faifai a tsakaninsu daidai da samansu. Wannan yana ba ka ƙarin inci 3/4 na zurfi. Aiki ne na kafinta. A ganina ɗan tudun ma alheri ne: yara suna ganinsa su san nan ne iyaka, darduma kuma ba ta zamewa ta hau.

Idan kuwa dakalinka irin mai tsayi ne kamar wurin zama, ka duba littafi da kyau, domin da yawa suna sassauta adadin R idan murhu ya ɗara daɓe da wasu incina. A nan ƙari a ƙasa, daidai da daɓe, yakan wadatar.

Yanka da shirya ƙasa

Ka sauka ɗakin ƙasa da tocila ka duba ƙarƙashin wurin. Abu uku kake nema: wayar lantarki ko bututun ruwa da zarto zai iya taɓawa, azarar da ta ruɓe ko ta tsage, da tsohon katakon da magina suka tokare kankaren dakali da shi suka manta ba su cire ba. Wannan na ƙarshen doka ta hana a bar shi. Idan ka taka daɓen ka ji yana lotsawa, ka ƙarfafa azarorin da gajerun katakai a tsakani, domin tayil ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi.

A gidajen da suka girmi 1980, idan ka ci karo da tsohuwar ledar daɓe mai faɗin inci 9 da tsawon inci 9 ko baƙin gam a ƙarƙashinta, ka dakata a gwada ko akwai asbesto, wani ma'adini da shaƙar ƙurarsa ke cutar da huhu. Fentin gidan da aka gina kafin 1978 kuma yana iya ƙunsar dalma. Kada ka goge ko ɗaya da inji sai an gwada.

Ka ja layi da fensir, ka manna tef a kansa don kada katako ya ɓantare. Ka saita injin zarto a zurfin inci 3/4 daidai, ka yanka, ka ƙarasa kusurwoyi da ƙaramin inji mai karkarwa ko cizal. Ka ɓamɓare katakan, ka zare kowace ƙusa, ka ɗaure faifan ƙasa da sukuru a kan azara har ya daina ƙara.

Yanzu ga abin da mutane da yawa ke tsallakewa. Tsakanin tsohon bulo da katako akwai tsaga. Ka samu fallen ƙarfe mai faɗin inci 4 zuwa 6, ka lanƙwasa shi ya rufe bakin katakon a tsawon tsagar duka, ta yadda ko nan gaba wurin ya buɗe, tokar wuta a kan ƙarfe za ta faɗa.

Sai ka shimfiɗa Micore. Da wuƙa ake yanka shi, kuma yana da taushi har farce na iya shiga, shi ya sa ba a manna tayil a kansa kai tsaye. Ka ɗora allon siminti a sama, kada gaɓarsu ta haɗu wuri ɗaya, ka ɗaure da sukurun allon siminti mai tsawon inci 1 da 5/8 wanda zai ratsa duka biyun ya kama katako. Ƙa'ida kowane inci 8 ne. Ni a kan Micore na matso zuwa 6. Kan sukuru ya nutse daidai da fuskar allo. Idan babu Micore, allon siminti a kan katako kai tsaye, to sai ka fara shafa kwaɓi a ƙarƙashinsa don ya cike gurabe. Ka bar inci 1/8 tsakanin allo da allo, ka rufe da tef ɗin raga na allon siminti, ka shafe da kwaɓi.

Tsohon dakali kuma wanka yake so. Ka kankare fenti, ka wanke baƙin hayaƙi da burushin ƙarfe. Ka ɗiga ruwa a kai: idan bulo ya shanye, kwaɓi zai kama, idan ruwan ya tsaya yana ƙyalli, akwai maiƙo ko wani shafi, sai an goge da giranda. Ka sa takunkumi mai kyau da tabaran kariya, ƙurar bulo da ta tayil tana lalata huhu. Daga nan ka ɗan jiƙa bulon, ka cike shi da kwaɓi har ya zo daidai da fuskar allon siminti, ka ja doguwar madaidaiciyar sanda a kan duka biyun ka ga babu rami babu tudu. Ka bar shi ya kwana.

Shimfiɗa tayil

Tayil ɗin fosilen na daɓe na fi so, mara sulɓi, mai duhun launi, domin toka da bawon itace ba za su bar shi ba, ga gungume da kan faɗo daga hannu. Tayil ɗin bango ba zai jure ba. Dutsen silet yana da kyau amma kaurinsa ba ɗaya ba ne, kuma sai an shafa masa maganin hana shan tabo. Marmara fari kuwa da wuri yake nuna datti.

Ka jera tayil ɗin a bushe tukuna. Ka nemo tsakiyar bakin murhu, ka ja layi zuwa gaba, ka fara daga nan don yankakkun gefe biyu su zo daidai. Cikakkun su zauna a gaba inda ido ke sauka, yankakkun su koma baya. A namu, layin gaba mai inci 12 ya hau sabon ɓangare cif, tsohon dakali ya ɗauki cikakke ɗaya da yanki mai kusan inci 4, wanda murhun ya rufe. Ba don kyau kawai na yi haka ba. Bulo yana kan tushen gini, ƙarin kuma yana kan katako, kuma katako yana kumbura da damina ya tsuke da hunturu. Tayil ɗin da ya haye tsagar nan, rabi a nan rabi a can, zai tsage ko ba daɗe ko ba jima. Ka sa layin da ke tsakanin tayil da tayil ya faɗa daidai kan tsagar.

Kwaɓin da ake so shi ne tinset, garin siminti na buhu da ake damawa da ruwa. Kada ka sayi gam ɗin bokiti da aka riga aka kwaɓa, wanda ake kira mastik, zafi yana sassauta shi. Ruwa ake fara zubawa, sannan gari. Ka dama har ya yi kamar ƙullin ƙosai mai kauri, wanda idan ka ɗebo da cokalin gini zai maƙale bai zuba ba. Ka bar shi ya huta minti 5 zuwa 10, ka sake juyawa, kuma daga nan kada ka ƙara ruwa ko ya fara tauri. Sabo za ka kwaɓa.

Ka fara murza kwaɓin a ƙasa da gefen cokali mai santsi, sannan ka tsefe shi da gefe mai haƙora, layukan duk su fuskanci wuri ɗaya. Tayil mai inci 12 haƙoran 1/4 da 3/8 yake so, wanda ya fi haka girma kuma na rabin inci. Ka shafa ɗan kwaɓi a bayan kowane tayil, ka ɗora, ka danna kana ɗan tura shi gaba da baya a gicciyen layukan don su kwanta iska ta fita. Na farkon da ka sa, ka ɗago shi ka duba bayansa. Ya kamata ka ga kwaɓi ya rufe kusan ko'ina, musamman kusurwoyi. A nan ba a wasa, domin akwatin da ya kai kilo 150 zuwa 200 zai bi ta kai, kuma duk inda akwai rami a ƙarƙashi nan zai fashe. Ka sa 'yan robobin tazara, ka riƙa ɗora ma'aunin lebur a kan kowane biyu, ka share kwaɓin da ya bulbulo cikin layi tun yana ɗanye. Yanka kuma da inji mai ruwa, a waje ko a gareji.

A bakin gaba da gefuna, ko ka sa siririn ƙarfen baki irin na kamfanin Schluter wanda ake cusa ƙafarsa cikin kwaɓi kafin tayil, ko ka zagaye da katako mai gangara. Idan katako ka zaɓa, faɗinsa ba ya cikin incinan da littafi ya nema. Ka bar kwatan inci tsakanin dakali da katakon daɓe don ya samu wurin motsi.

Bayan awa 24 sai cike layuka. Idan faɗinsu ya kai inci 1/8, mai yashi za ka saya, kuma mai duhu. Ka tura shi da robar shafi a karkace, ka jira kamar minti 20, ka goge da soso wanda aka matse sosai, washegari ka share hazon da ya rage da busasshen ƙyalle. Layi biyu ne ba a cikewa da siminti: wanda ke kan tsagar tsoho da sabo, da wanda ke jikin bangon bulo. Waɗannan silikon zalla ake sa musu, mai jure zafi, mai launin da ya dace da sauran.

Ranar girkawa da wutar farko

Ka ba dakalin mako guda kafin a ɗora masa nauyi. Ranar da masu girkawa za su zo, ka shimfiɗa faifan katako ko kwali mai kauri a kai, kada ƙafar ƙarfe ta ja layi a sabon aiki. Haɗa bututu da rufe samansa aikin ƙwararre ne, kuma ka tsaya a kai a auna nisan murhun da katakon kantar da ke samansa kamar yadda littafi ya ce. Na'urar gano hayaƙi da ta gano iskar kabon monoksaid su kasance a maƙale suna aiki kafin ashana ta farko. Mu da muka san labarin masu kwana da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu, ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan iska ba.

Wutar farko ƙarama ake yi, da busasshen itace wanda danshinsa bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Fentin murhu zai yi wari sau biyu ko uku na farko, sai a buɗe taga. Ka riƙa ƙara girman wutar a hankali cikin kwanaki. Ranar da ka yi babbar wuta ta farko, bayan awa biyu ko uku tana ci, ka ɗora tafin hannu a kan layin tayil na gaba, sannan a kan katakon daɓen da ke bayansa. Tayil zai yi zafi, wannan ba komai. Katakon ɗumi kawai ya kamata ka ji. Ka sauka ɗakin ƙasa ka shafa faifan da ke ƙarƙashin ƙarin shi ma. Idan hannunka ya kasa zama a kan katako, a sama ko a ƙasa, ka bar wutar ta mutu, kada ka sake hurawa sai mai girkawa da jami'in duba gini sun zo sun gani.